'Yata ba ta girma tun daga ciki, likita ya ce ƙwayoyin halitta ne

Maman Ummi, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san wannan lamari ya fahimtar da ni. 'Yata shekararta 2 da wata 4, nauyinta kilo 7 da rabi. Cikinta ya cika wata tara cif, amma da kilo 1.9 na haife ta. Tun a hoton ciki na wata bakwai aka ce ba ta kai yadda ake so ba, alhali ban yi fashin awo ba, na sha Fansidar duk sanda aka ba ni, jinina kuma bai hau ba.

Kanta daidai yake da na tsararrakinta, goshi ya turo, haɓa siririya, jikin ne babu auki. In na sa mata wando sai in ga ƙafar hagu ba ta kai ta dama tsawo ba. Cokali uku na kunun gyaɗa, ta kau da kai. An ba mu Plumpy'Nut na masu tamowa, bai sauya komai ba. Wayo kam akwai shi, sunan kowa na gidan tana kira.

Iya, mahaifiyar maigidana, ta ce nonona ne ba shi da kyau, maganar nan tana hana ni barci. Likitan yara kuma ya ce yana zargin ƙwayoyin halitta. Ni da maigida 'ya'yan wa da ƙani ne. Zumuncin ne ya jawo? In na sake haihuwa haka za a yi?

Anti Ladi, ma'aikaciyar jinya, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Fara cire nono daga ranki. Yarinyar da ta tsaya girma tun tana ciki, yaushe ta sha nonon da zai cuce ta?

Yawancin jariran da muke karɓa ƙasa da kilo 2.5 a nan, zazzaɓin cizon sauro ne, ko hawan jini, ko ƙarancin jini, ko mabiyiyar da ba ta kai abinci sosai. Irin waɗannan, kusan tara cikin goma suna kamo tsararrakinsu kafin shekara 2. Wanda ya wuce nan bai kamo ba, shi ne likita ke tunanin ƙwayoyin halitta a kansa.

Ba zan yanke hukunci ban ga yarinya ba, amma kamannin da kika zayyana, har da gajeriyar ƙafa da ƙin cin abinci, sun yi kama da larurar Silver-Russell, wadda likitoci biyu suka bayyana a 1953 da 1954. Kowannenmu yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta, a jere bibbiyu, rabi daga uwa, rabi daga uba. A na 11 akwai ƙwayar halitta mai suna IGF2 da ke tura girman ɗan tayi, kuma ta wajen uba ce ke aiki. In ta zo a kashe, girman ya ragu tun a ciki. Wasu yaran kaɗan kuma a kuromosom na 7 tasu matsalar take. Abin da nake so ki riƙe: galibi wannan ba gadonta ake yi ba, a wannan cikin kaɗai take faruwa, ba ruwanta da zumunci, kuma da wuya ta maimaita a haihuwa ta gaba.

Tunda mace ce, ki tambayi likita gwajin ƙirga kuromosom saboda larurar Turner, inda ake rasa ɗaya daga kuromosom X biyu da mace ke da su. Tana samun kamar mace ɗaya cikin 2,500, gajarta ce babbar alamarta.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne sukarin jininta. Yaran nan ba su da ajiyar tsoka da kitse, in suka daɗe ba su ci ba sukari ya faɗi. Ki ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ta kwana ciki wayam. In kika ga gumi da yawa, sanyin jiki ko wuyar tashi daga barci, alama ce. Ranar da zazzaɓi ko amai ya hana ta ci, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Ɗura kuma a bar ta, tana ƙara sa yaro ƙin abinci.

Baban Sadiku, Njamena:

Allah ya ba ta lafiya. Anti Ladi, na yarda da bayaninki, sai dai kada a ture batun zumunci gefe kafin a gwada. Yayana ɗiyar baffanmu ya aura, biyu daga cikin 'ya'yansu ƙanana aka haife su, har yau gajeru ne, karatu kuwa ba a fin su. Akwai irin wanda iyaye biyu ke ɗauke da shi a ɓoye, su lafiya lau, kamar larurar 3-M. Lissafinsa irin na sikila ne in AS ya auri AS: kowane ciki ɗaya cikin huɗu, kuma haihuwar mai larura ɗaya ba ta kare na bayansa. Maman Ummi, ki gaya wa likita dangantakarku, ku tuna ko a dangi an taɓa haifar irinta.

Hajiya Balaraba, Kuseri:

'Yata, ranar komawa asibiti ki roƙi maigidanki ya ɗauki Iya ku tafi tare. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba, za ta karɓa daga bakin likita. Ita ma tausayin jikarta ne ke sa ta magana.

Maman Ummi, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maganar gumin nan ta tsorata ni. Sau da yawa da asuba nakan tarar da rigarta sharkaf, ina cewa zafin Garwa ne. Ƙafar fa, tana da magani? Tsawon kuma?

Anti Ladi, ma'aikaciyar jinya, Marwa:

Ki faɗa wa likita gumin, ya auna sukarinta da safe kafin ta ci. Daga yau ki ba ta kunu mai kauri dab da kwanciya. Ƙafar ana aunawa lokaci-lokaci, in bambancin ya yi yawa a ƙara wa takalmin hagu tudu don kada bayanta ya karkace. Tsawo akwai allurar sinadarin girma da ake yi kullum na shekaru, tana da tsada, kuma ƙwararren likita ne ke sa ta bayan an gyara cin abinci. Ki nemi takardar turawa Yawunde, ki tafi da katin awon ciki da na yarinya, duk nauyin da aka taɓa rubutawa za su buƙace shi.