Musayar Waƙa: Karen Fadar Sin

Ɗan Kurmi:
Ku matso mu yi zancen karen ƙasar Sin, 'yan'uwana,
Pekingese ɗan ƙarami, gashi har ƙasa, hanci kamar an danna,
A fadar Beijin aka raine shi, gidan sarakuna,
Talaka bai isa ya ajiye shi ba, doka ta hana.

Gwaggon Yara:
Ɗana, ka taɓo inda nake so, bari in ƙara,
Mabiya Buda na girmama zaki, Sin kuwa ba shi ko a karkara,
Sai aka yi ta haɗa karnuka masu geza, tsara bayan tsara,
Aka samu zakin ɗaki, kilo shida ya tsaya bai ƙara,
Ƙananan cikinsu a hannun riga ake sa su a tafi hira.

Malam Mai Allo:
Gwaggo, kin faɗi daɗin, ɗacin kin bar mini, to saurara ki ji ta,
A 1860 sojan Ingila da Faransa suka faɗa Fadar Bazara ta sarkin Sin suka wawashe ta,
Yaƙin Ofiyom na biyu ke nan, daga baya Ingilishi suka cinna mata wuta,
Karnuka biyar suka tarar, suka haɗa da kayan sata,
Kyaftin Dunne ya kai wa Sarauniya Victoria ɗaya, ba ta ƙi ba ta karɓe ta,
Looty suka raɗa mata, sunan ganima, ko kunya ba ta hana su faɗa ta,
A fadar Windsor ta zauna, sai 1872 ajali ya same ta.

Ɗan Kurmi:
Malam, a yi adalci, ba duka ne aka sato ba,
Cixi uwar sarkin Sin ta yi kiwonsu, baƙi ma ba ta hana su kyauta ba,
Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi musu rajista a 1906, ba su daɗe da isa ba,
Har jirgin Titanic ɗaya ya hau a 1912, jirgi ya nutse, ruwa bai ci shi ba.

Likitan Dabbobi:
Yayyena, ku bar tarihi, ku zo ɗakin duba ku gani,
Hancin da aka lotsa don ado, numfashi yake yi da ƙyar a rani,
Ido a waje, ƙura kaɗan sai a nemi magani,
Mai kiwo ya ci kofi, kare ya kwana da minshari, abin na damu na ni.

Gwaggon Yara:
Likita, ka huce, mun ji, za mu sa shi a inuwa,
Saura Pug, shi ma ɗan Sin ne, Malam ɗauko mana baiti mu ji amsawa.