Wane irin aiki ne ya dace da babba mai sa famfas dare da rana?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan manyan da larura ta hana su riƙe fitsari ko bayan gida, har sai sun sa famfas dare da rana: wanda ya ji rauni a laka, wadda haihuwa ta bari da yoyon fitsari, wanda aka yi wa tiyatar furostet (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji), ko wanda ciwon suga ya taɓa wa jijiyoyin mafitsara. Da yawansu da ƙarfinsu da iliminsu, amma sun zauna a gida don tsoron kada su ji kunya a gaban abokan aiki. Wane aiki ne ya fi dacewa da su, wanne kuma ya kamata su kauce wa? Yaya ake yi da canji a tsakiyar aiki? Don Allah a ba da bayanin da mutum zai iya aiki da shi, ba ban-haƙuri kawai ba.

Malama Hadiza:

Wa'alaikumus salam, Baban Ummi. Sunan aikin ba shi ne abin dubawa ba. Sai ka ga akawu biyu, aikinsu iri ɗaya, ɗaya yana cikin sauƙi ɗaya yana cikin uƙuba, don kawai na farko yana tashi lokacin da ya ga dama, na biyu kuwa sai wani ya zo ya karɓe shi. Tambayar farko ke nan: a hannun wa lokacinka yake? Mai sa famfas yana buƙatar minti 5 zuwa 10, sau ɗaya ko biyu a cikin awa 8, kuma ba kullum ne yake sanin yaushe buƙatar za ta taso ba.

Duk aikin da ake auna mutum da abin da ya gama, ba da zamansa a kujera ba, ya dace. Lissafin kuɗi, fassara, rubuta manhaja, zane a kwamfuta, shigar da bayanai, ɗinki, gyaran waya, aikin ɗakin ajiyar takardu, duk suna cikin wannan sahu. Wanda ake yi daga gida ta intanet ya fi kowanne sauƙi, amma ba na son a mai da shi kamar shi kaɗai ne mafita. Mutumin da larura ta riga ta janye shi daga jama'a, idan aiki ma ya kulle shi a ɗaki, kaɗaici yana iya yi masa illar da ta fi ta famfas ɗin.

Masu wahala kuwa su ne waɗanda ake kafa mutum a wuri ɗaya. Layin haɗa kaya a masana'anta ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Mai gadin da shi kaɗai ne a ƙofa ba ya barin ƙofar. Mai karɓar kuɗi a kanti da layi a gabansa haka, malamin ajin ƙananan yara ma haka, ko da yake koyar da manyan ɗalibai ya fi sauƙi tunda akwai tazara tsakanin darasi da darasi. Wuraren amsa kiran waya aikin zama ne, amma wasunsu suna ƙirga wa ma'aikaci mintocin da ya yi a banɗaki, sai a tambaya kafin a karɓa.

Sai kayan aiki. Rigar da take haɗe da wando sai an tuɓe ta har ƙasa kafin a canza. Ɗamarar kariya ta masu hawa sama tana bi ta tsakanin cinyoyi, tana matse famfas ɗin kamar ana matse soso. Ɗaukar kaya masu nauyi yana ƙara matsi a mara, ga wanda fitsari ke zubo masa idan ya yi tari ko ya yunƙura. Wuri mai zafi, kamar gaban murhu ko aikin gini a rana, yana haɗa gumi da fitsari, fata ta saɓule da wuri. Tuƙin nesa kuma ya tara matsala uku: dogon zama, zafin kujera, da rashin tabbacin inda za a tsaya.

Ranar ganawar neman aiki, ka nemi izinin shiga banɗaki, ka duba da idonka. Ƙofar tana kulluwa? Akwai famfo a cikin ɗakin, ko sai an fito waje a gaban mutane? Akwai ƙugiyar rataye jaka? Akwai kwandon shara mai murfi? Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damun maza, don yawancin banɗakunan maza ba a sa kwando a cikin ɗakin. Idan akwai banɗakin masu buƙata ta musamman, mai ɗaki ɗaya da faɗi, to rabin matsalar ta kau.

Abu Safwan:

Malama ta gama magana a kan wurin. Ni zan ƙara a kan kayan, domin sau da yawa aikin ba shi da laifi, famfas ɗin ne bai dace da mai shi ba.

A fara da awo. Kwana 3 a jere, a ɗora famfas a ƙaramin sikeli kafin a sa, a sake ɗorawa bayan an cire, a rubuta lokaci. Duk giram 1 da ya ƙaru daidai yake da mililita 1 ta fitsari. Babba yakan yi wajen lita 1.5 a kwana, amma abin da kake nema shi ne nawa ke fita tsakanin ƙarfe 8 na safe da azahar, nawa kuma daga nan zuwa tashi. Wannan takardar ita ce za ta gaya maka sau nawa za ka canza a wurin aiki.

Kada lambar da ke jikin leda ta ruɗe ka. Idan an rubuta mililita 3,000, an samo ta ne ta hanyar tsoma famfas ɗin gaba ɗaya a ruwa a ɗakin gwaji. A jikin mutum gaba da tsakiya ne ke jiƙewa, baya yana nan a bushe, ga nauyin jiki yana dannawa. Ka ɗauka kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi ne naka.

Yadda fitsarin ke fita shi ke zaɓar irin da za a sa. Mai ɗigo kaɗan-kaɗan, irin na wando ya ishe shi. Wanda mafitsararsa ke juyewa lokaci ɗaya, mililita 300 zuwa 500 cikin ƙasa da minti guda, sai mai manne a gefe, mai dogon shinge a bakin cinya. Garin nan mai shan ruwa da ke cikin famfas yana buƙatar lokaci kafin ya shanye ruwa ya zama kamar kamu, shingen ne ke tare ruwan kafin nan. Shi ya sa za ka ga wando ya jiƙe alhali rabin famfas ɗin a bushe. Sannan na wando yana da wata matsala a wurin aiki: cire shi da sauƙi, a yaga gefe kawai, amma sa sabo sai an tuɓe takalmi da wando. Mai manne kuwa ana sa shi a tsaye.

Ga yadda ake yi. A sauke wando zuwa gwiwa, a cire tsohon, a naɗe shi a manne bakinsa, a sa a leda. A goge jiki daga gaba zuwa baya, a bari ya bushe. A ninka sabon ta tsawonsa ya yi kamar kwalekwale don shingen ya miƙe, a kai bayansa daidai ƙugu, a jingina da bango ya riƙe shi, a jawo gaban ta tsakanin cinyoyi. A fara manna na ƙasa suna ɗan kallon sama, sannan na sama suna ɗan kallon ƙasa. A zagaya bakin cinya da yatsa a fito da duk inda ya lanƙwashe. Namiji ya tabbatar gabansa yana kallon ƙasa, in ba haka ba ta ƙugu zai zubo. A gwada a gida har hannu ya saba, minti 3 ya isa.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko sayen babba da tunanin zai fi ɗauka. Girma ba ya ƙara sha, rata kawai yake bari a cinya. A auna ƙugu da ɗuwawu, a bi wanda ya fi faɗi. Na biyu sa guda biyu, ko cusa audugar mata a ciki. Duk abin da ke da leda a bayansa tare ruwa yake, ya tura shi gefe. Akwai ƙarin auduga da aka yi don wannan, marar leda, wadda idan ta cika take miƙa ruwan ga na ƙasa.

Maganar sauti da gani: mai bayan yadi ba ya ƙara kuma yana shan iska, sai dai yana saki idan ya yi nauyi, mai bayan leda ya fi riƙe wari amma yana ƙwaras-ƙwaras. Ɗan kamfai mai matse jiki a kai yana maganin duka biyun. Wando mai duhu da ya ɗara naka girma kaɗan, da riga mai sauka ƙasa da ɗuwawu. A jaka kuma a sa adadin na yini da ƙarin guda 2, tsumman goge jiki, ledoji masu duhu, man kariya, da wando irin wanda ke jikinka sak, launi ɗaya, don ko an canza ba wanda zai lura.

Maman Khalil:

Sannunku da ƙoƙari. Abu Safwan, gyara ɗaya zan yi: kada mai karatu ya fahimci cewa idan ya samu mai ɗaukar lita guda sai ya wuni da shi. Ko bai cika ba, fata ba ta jure dogon zama cikin danshi. Ƙwayoyin cuta suna mai da sinadarin da ke cikin fitsari ya koma amoniya, ita ce warin nan mai hawa hanci, kuma ita ce ke karya kariyar fata. Da rana kada a wuce awa 4 zuwa 6 da jiƙaƙƙe. Bayan gida kuwa babu jira ko na minti goma, domin abin da ke narkar da abinci a hanji yana nan a cikinsa, fatar zai ci.

Man kariya mai sinadarin zinki ko basilin, shafa kaɗan ake yi, yadda za a iya ganin fata ta ƙarƙashinsa. Idan aka lafta, yana toshe fuskar famfas ɗin ya hana shi sha. A guji hoda da sabulu mai ƙamshi. Idan wurin ya yi ja sosai da ƙaiƙayi, ga ƙananan ƙuraje sun watsu a gefe, galibi ƙwayar cuta ce irin ta naman gwari (fungus), man zinki ba zai warkar ba, sai an ga ma'aikacin lafiya. Mai raunin laka da ba ya jin zafi a ɗuwawu, shi aikin zama ma yana da haɗarinsa: ya riƙa sauya zama akai-akai, ya duba fatar da madubi kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙin shan ruwa don kada su jiƙe. Fitsarin yana yin kauri, wari ya ƙaru, mafitsara ta ƙara harzuƙa, ga ciwon mafitsara da taurin bayan gida, shi kuma taurin yana danna mafitsara ya ƙara yoyon. A sha ruwa kaɗan-kaɗan a tsawon yini maimakon a kwankwaɗi kwalba guda. Abin ragewa shi ne kofi da shayi mai ƙarfi da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi. Mai shan maganin sa fitsari irin na hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa ko za a iya daidaita lokacin shan da lokacin aiki, kada ya canza da kansa.

Mai matsalar bayan gida, aikin da lokacinsa ba ya canzawa ya fi masa. Hanji yana motsawa minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci, ana amfani da wannan a horar da shi ya saba fita da safe kafin a bar gida. Aikin karɓa-karɓa, yau dare gobe rana, yana rushe wannan tsarin gaba ɗaya.

Kuma a koma asibiti a sake dubawa. Yoyon da haihuwa ta jawo ana ɗinke shi. Wasu motsa tsokar ƙasan mara ke taimaka musu, wasu magani, wasu robar da mutum ke sawa da kansa ya juye mafitsara duk bayan 'yan awoyi. Maza suna da irin robar da ake sawa ta waje, a haɗa da jaka a ƙafa, wadda ta fi dacewa da direba.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: dole ne a gaya wa shugaban wurin aiki?

Malam Idi:

Ba dole ba ne, matuƙar ba ka neman a canza maka komai. Idan kana neman wani abu, to faɗa tun kafin matsala ta faru ya fi. Ba sai ka ambaci famfas ba. Takardar likita mai layi biyu ta isa: wane yana da larurar mafitsara ko hanji, yana buƙatar zuwa banɗaki ba tare da jinkiri ba. A kai wa mutum ɗaya, mai kula da ma'aikata ko shugabanka na kai tsaye, a rubuce, ka riƙe kwafi.

Ka nemi abu takamaimai: tebur kusa da banɗaki, hutun minti 10 sau biyu a lokacin da ka zaɓa, kwando mai murfi, akwatin ajiya mai makulli, da sunan wanda zai riƙe maka wuri idan ka tashi. Shugabanni sun fi saurin amincewa da abin da suka ga iyakarsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 27, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin tabbatar da irin wannan sassauci a wurin aiki. Amurka tana da dokarta tun 1990, Birtaniya kuma ta 2010. Kowa ya duba abin da dokar ƙasarsa ta tanada kafin ya rubuta takardar.

Idan an hana kwandon, kada a kuskura a jefa famfas a masai. Kumbura yake ya toshe bututu, a zo ana neman wanda ya yi. A naɗe, a ɗaure a leda biyu, a sa a jaka mai zif, a zubar a babban kwandon waje lokacin tashi.