Gashin ɗan rago irin na Ingila: zai amfani mai jego?

Maman Hanifa, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta haihu, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Mijinta da ya yi karatu a Ingila ya dage sai an yi mata abincin da suke ci ranar Lahadi: gasasshiyar cinyar ɗan rago da dankalin turawa, karas, kabeji da koren wake. Ni dai farfesu da kunun kanwa na sani. Wannan gashin yana ƙara jini kuwa? Hankalina ba a kwance yake ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Yana taimakawa sosai. Jan nama na ɗauke da sinadarin ayon (wanda jiki ke buƙata don ƙara jini) irin wanda jiki ke saurin sha, fiye da na ganye, ga bitamin B12 da zinki. Giram 100 na gasasshiyar cinya na ba da furotin kusan giram 25. Abin da ya fi burge ni a farantin nan shi ne kayan lambun, domin bitamin C na kabeji da dankali yana taimaka wa jiki ya sha ayon ɗin. Amma don Allah kada ta kora da shayi, yana rage shan ayon. Ta bari sai bayan awa ɗaya ko biyu. A yanke kitsen, a rage gishiri. Hukumar lafiyar Ingila ta NHS ma cewa take mai cin jan nama fiye da giram 90 a rana ya rage zuwa 70. Kuma kar ta ajiye maganin da likita ya rubuta.

Hajiya Mai Girki:
'Yar uwa, a kula: nasu ɗan rago ne da bai kai shekara ba, shi ya sa yake da laushi. Idan babban rago kika samu, ki shafe shi da tafarnuwa, ki rufe, ki gasa a ƙaramar wuta na tsawon sa'o'i. Da kin sauke, ki bar shi ya huta minti 15 kafin yanka. Kayan lambu kuwa ai gida suka zo, ki leƙa kasuwar Farin Gada da ke nan Jos da sassafe, dankalin Bokkos ya wadatar. Miyar na'ana'ar da suke haɗawa da shi ganye ne da binega da ɗan sukari.

Malam Abu Sadiq:
Wasu Turawan na zuba giya a romon da ake kwarara wa naman. Ku haɗa naku da ruwan naman da ɗan fulawa kawai.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. Hajiya, cinya ɗaya za ta ishi mutum shida?