Neman shawara: askari na karɓar kuɗi a shagona, yanzu har ya fasa wa yarona goshi

Baban Usaina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, barci ya gagare ni. Ina da 'yar bakala, wato shagon kayan masarufi, a Jidda, ina sayar da daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man ja da shinkafa. Gonar gado na sayar na buɗe ta, amma sijil (rajistar kasuwanci) da lasisin baladiyya (hukumar gari) da asusun banki duk sunan kafilina ne, ɗan ƙasar da ya tsaya min, ina ba shi riyal dubu a wata. Mutumin kirki ne, lokacin da maiɗakina ta haihu shi ya tsaya mana a asibiti, da azumi har dabino yake aiko mana. A igamata, takardar izinin zamana, direban gida aka rubuta. Wani askari ya gano haka. Da farko ruwa da lemo yake ɗauka, sai ya koma ɗari biyar duk ƙarshen wata. Shekaranjiya ya zo neman dubu biyu ba na nan, ɗan yayata ya ce a jira ni. Ya shaƙe shi ya buga kansa da firij, jini har kan buhun shinkafa, ya ce in ya dawo ba kuɗi sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Kamara ta ɗauka. Ya zan yi?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Yau ɗin nan a kai shi asibiti a karɓi rahoton likita mai hatimi, domin in ciwon ya kama warkewa hujja ta yi rauni. A ɗauki hoton goshin, a ajiye rigar da jinin ba wanki. Ka kula da na'urar kamarar, tana taka tsohon ɗauka da sabo in ta cika, kada ka bari a goge na ranar. Amma kada ka kuskura ka tura bidiyon WhatsApp ko TikTok. Dokar kamarorin tsaro ta 2022 ta hana yaɗa shi ba izini, tara riyal 20,000, ga dokar laifukan intanet, ɓata suna kaɗai na iya kai mutum shekara ɗaya a gidan yari ko tara har riyal 500,000. Sannan ka kira Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci, a 980. A dokar cin hanci mai bayarwa da mai karɓa hukuncinsu ɗaya, har shekara 10, amma wanda ya bayar in ya kai rahoto kafin a gano, an ɗauke masa hukunci. Saboda haka ka riga su. Ka rubuta ranakun da ya karɓa, nawa ne, a hannun wa, da lambar motarsa.

Hajiya Mai Waina:
Abu Yasir, faɗa da sauƙi. Tambayar farko da za a yi masa ita ce shagon na wa. Yana buɗe baki ya tona tasattur da kansa, wato baƙo ya yi kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, shi da kafilin, hukuncin har shekara 5 ne ko riyal miliyan 5, sannan tarhil, a kore shi daga ƙasar. Mu baƙaƙen fata wa ke sauraronmu? Mata nawa ake kwashe wa tire a bakin titi ba mai cewa uffan? Baban Usaina, ka rufe shagon, ka karyar da kayan ga 'yan uwa, ka tsira da jarinka.

Malam Ɗanjuma:
Yaron yana da igama, ko da Umara ya shigo ya zauna? Komai ya rataya a nan. In ba takarda, ajiye shi a shago laifi ne daban a kanka. Kuma ka tabbata askari ne? Akwai masu sa kaki suna damfarar baƙi. Ka taɓa ganin katin aikinsa?

Baban Usaina:
Hajiya, in na rufe me iyalina za su ci? Akwai bashin masu kawo kaya a kaina. Kuma ni ban ba da cin hanci ba, tsoro ne, ƙwata yake yi. Kafilina ba zan jefa shi a masifa ba bayan halaccin da ya yi min. Malam, da motar aiki yake zuwa.

Abu Yasir:
Ɗan uwa, tsoron nan shi yake ci. Wanda ya tashi daga ɗari biyar zuwa dubu biyu ba zai tsaya ba, kuma ya riga ya zub da jini. Hajiya ta yi gaskiya kan tasattur, amma ita ma dokar ta 2020 ta ba kotu damar yafe wa wanda ya kai kansa kafin a gano shi. Dama ce a hannun alƙali, ba alkawari ba, shi ya sa lauya ne farko. Ka nemi mai lasisi, ka faɗa masa komai har maganar igama, shi zai tsara wanda za a fara shigarwa. Dukan kuwa ƙara ce daban a Niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, kana iya sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 19922, da ƙaramin ofishin jakadancinku na Jidda. Rufe shago bai hana shi bin ka gida.

Hajiya Mai Waina:
Lauya da wane kuɗi?

Baban Usaina:
Na gode. Ina ganin zan fara ba shi dubu ɗaya a wannan watan in samu sarari, sai in yi magana da kafili.

Malam Ɗanjuma:
Har yanzu ba ka ce komai kan takardun yaron ba. An ma kai shi asibitin kuwa?