Neman kalma: karatun da ake yi da hannu

1/ Jama'a, barkanmu da war haka. Ina rubuta takarda da Hausa ga masu gareji, masu walda da manoma a nan Katsina, su da ke karɓar ɗalibanmu, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira experiential learning. Ga inda na tsaya, malamai ku gyara mini.

2/ Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "sanin makamar aiki". Kunne ya saba da shi, kuma ya dace da SIWES, shirin tura ɗalibai wuraren aiki da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi a 1973 don ɗalibai su taɓa injin da suke gani a allo. Amma rigar ta yi kaɗan. Ɗalibin tarihi da aka tura hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu ya auna, ya zauna gaban dattawa yana tambaya, ai ba makamar aiki ya je nema ba.

3/ "Gani da ido" kallo ne kawai. "Gogayya" kuma ta fi karkata ga takara.

4/ David Kolb, masanin ilimi ɗan Amurka wanda ya yaɗa kalmar ta Turanci a 1984, zagaye ya zana: ka yi abu da hannunka, ka waiwaya ka duba yadda ta kasance, ka fitar da ƙa'ida, ka koma ka sake gwadawa. Waiwayen nan shi ne ƙashin bayan abin, shi ne kuma muka fi sakaci da shi.

5/ Bara na je duba wata ɗalibata a wani ofis. Na tarar da ita a kan benci bakin ƙofa, riƙe da ledar abincin oga. Na buɗe littafin aikinta: mako bakwai, kowane shafi da hatimi, amma ba wanda ya taɓa tambayarta, "Yau me kika gane?" Na ce mata, "'Yata, me kika koya?" Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, aike." Har na iso gida kalmar tana cin raina.

6/ Don haka na zaɓi KOYO A AIKACE. Gajere ne, mai gareji zai gane shi ba sai an fassara ba, kuma ya raba aikace da aike. A takardar zan rubuta: koyo a aikace shi ne ɗalibi ya yi aikin da kansa, wani ya sa masa ido, sannan su zauna su yi bitarsa.

7/ Suna ɗaya zai taimaka wajen tsari. Yanzu gwajin koyarwa da ofishinsa, SIWES da nasa, zaman ɗaliban jinya a asibiti da nasa. In duk suka shiga inuwa ɗaya, takardar bita ɗaya za ta wadatar.

8/ Wani dattijon malaminmu na Hausa ya ce in ƙara "da bita" a cikin sunan. Ranka ya daɗe, na ji, amma ina tsoron ya yi wa baki nauyi. Mutanen Daura da Dutsin-Ma, ku me kuke ce masa a wajenku?