Rust Belt da Hausa: ɗamara, ziri ko yanki?

Jama'a, duk lokacin zaɓen Amurka sai wannan suna na Turanci, Rust Belt, ya cika labarai, kowa kuma na juya shi yadda ya ga dama. Abokan tattaunawa sun kawo shawarwari kan yadda za a fassara shi da Hausa. Ku zo mu tsayar da magana ɗaya.

Ba a raɗa suna ba a ga jariri ba, don haka mu leƙa Youngstown ta jihar Ohio. A da garin narka ƙarfe ne a bakin kogin Mahoning. Aikin ya jawo Italiyawa da mutanen gabashin Turai, sannan baƙar fata daga kudancin Amurka. A 1930 mutanensa sun kai 170,000. Ranar 19 ga Satumba, 1977, kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, ma'aikata wajen 5,000 suka rasa abin yi, sauran kamfanoni suka bi baya. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 60,000 da 'yan kai. A wasu unguwanni za ka ga gida ɗaya tsaye, hagu da dama ciyawa, don hukuma ta rushe waɗanda masu su suka bari. Yau jami'ar garin da asibitoci ne manyan masu ɗaukar aiki.

Irin waɗannan garuruwa ake nufi da Rust Belt, daga yammacin jihar New York, ta Pennsylvania da Ohio da Michigan, har Wisconsin.

Wani ya ce “ɗamarar tsatsa”, wato fassarar kalma da kalma. A'a, ɗan'uwa. Bahaushe ya ji ɗamara, soja ko ɗan sanda zai hango.

Malam ya kawo “zirin tsatsa”, tunda kunnenmu ya saba da Zirin Gaza. Allah ya gafarta Malam, ziri siriri ne, wannan kuwa jihohi ne jingim.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta Hajiya: “kufan masana'antu”. Tana da daɗin faɗa, kuma wanda ya san Kakuri bayan durƙushewar masaƙun Kaduna ba ya buƙatar ƙarin bayani. Sai dai kufai wuri ne da aka tashi aka bar shi. Mutum 60,000 na kwana suna tashi a Youngstown, suna kai yara makaranta, 'yan takarar shugaban ƙasa kuma na zuwa neman ƙuri'unsu. Ba a yin kamfen a kufai. Ranki ya daɗe, mu ajiye taki don harabar masana'antar da aka rufe, can ta dace sarai.

Ni na tsaya kan “Yankin Tsatsa”. Gajere ne, ya shiga kanun labari, kuma ya riƙe ɗan zambon da ke cikin na asali, wanda da yawa daga mazauna wurin ba sa son ji. A ambaton farko a ƙara “wato jihohin tsofaffin masana'antu”, daga nan a ci gaba: “Ƙuri'un Yankin Tsatsa ne suka ba Trump nasara a 2016.”

Masu aikin rediyo, ku gwada shi a baki ku gaya mana ko yana sarƙe harshe.