Na bar tiramol amma zuciya sai ja na take, ya zan yi?

Ɗan Kilando, Marwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina shan tiramol, mai miligiram 225 ɗin nan, sai da na faɗi kan moto, wato babur ɗin da nake kilando (acaɓa) da shi, ina karkarwa kamar mai farfaɗiya kafin yayana ya kai ni asibiti aka riƙe ni. Alhamdu lillahi ciwon gaɓoɓin nan da zufa da gudawa da suka zo bayan na bari duk sun wuce, amma ƙarfin guiwar da na fito da shi kullum raguwa yake, barci ba ya zuwa, ko abinci ba na jin daɗinshi, ga shi da safe in na je tasha a gabana ake jefa ta cikin kofi, wani ma har ya miƙo min wai guda ɗaya ba ta komai. Ku da kuka bari, me ya riƙe ku?

Yaya na Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni ma na sha, na kuma bari da ikon Allah. Gaskiya ɗaya zan faɗa maka, kar ka dogara da ƙarfin zuciya, yau tana nan gobe babu. Tashar nan ka bar ta, ka sake mai shayi, in ma ta unguwar Domayo kake bi da dare ka sake hanya, ko da cinikin zai ragu. Ni in na tashi aiki cinikin duka hannun innata nake zubawa, kuɗin mai kawai take ba ni, don wallahi kuɗi a aljihu bayan isha'i shi ne babban abokin gaba. In sha'awar ta taso kuma kar ka zauna kana kokawa da ita kai kaɗai, tashi ka yi alwala, ka wanke moto, ka bugo wa yayanka waya, ba ta daɗewa take lafawa.

Anti mai jinya, Ngawundere:
Ɗana, rashin barcin nan da rashin jin daɗin komai ba lalacewa ka yi ba. Tiramol dangin mofin ce, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi da ke kama mutum, ƙwaƙwalwa ta saba da ita, in an cire sai ta ɗau makonni ko watanni kafin ta daidaita. A asibiti ma ba a wuce miligiram 400 a yini, kai ko biyu ka haɗiya ka zarce, shi ya sa take jawo faɗuwar nan. Abin da na fi so ka riƙe: yanzu jikinka ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, wanda ya koma ya sha adadin da ya saba numfashinshi na iya tsayawa. Ka riƙa zuwa randebu ɗinka, wato ranar da likita ya sa maka, ko kana jin lafiya lau. In kuma ƙaddara ta sa ka zame, kar kunya ta sa ka ɓuya, ka koma wurin likita ranar.

Malam daga Kusiri:
Allah ya ƙara maka juriya ɗan uwa. Ka tuna giya ma ba rana ɗaya aka hana ta ba, a Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana sallah cikin maye, sai a Ma'ida hani ya sauka gaba ɗaya. Ka lazimci jam'i, musamman asuba. Amma ni da iyalai nake, yaro ya tuba ana ta kiranshi ɗan ƙwaya, in abu ya ɓace a gida shi ake fara kallo, to ina zai nufa in ba wurin waɗanda ba sa ƙyamarshi ba? Wannan yana min ciwo sosai.

Ɗan Kilando, Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya na Garwa, zan gwada maganar kuɗin nan. Anti, maganin barci fa, in saya wurin masu tebur?

Anti mai jinya, Ngawundere:
A'a ɗana, kar ka soma. Su diyazefam ma kama mutum suke, kuma haɗa su da tiramol na kashewa. Ka bar kofi da shayi mai ƙarfi daga la'asar, ka riƙa kwanciya lokaci ɗaya, in bai gyaru ba ka gaya wa likitan da ya sallame ka.